Baturan Kawu a Kan Rumbu

Jiya na ga wani ya shanya batura a rana, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. Shekarar fari ce, jarrabawa ta matso, Faransanci ya gagare ni. Shi kuwa ya iya, don ya daɗe yana ɗinki a Damagaram. Sabon batir ya fi ƙarfinmu, saboda haka yakan shanya tsofaffin a kan rumbu. Da la'asar ya zuba su a rediyo da zafinsu, ya kamo tashar Nijar.

"Maimaita abin da suka ce, 'yar nan, kafin muryar ta shaƙe."

Sai da na ci jarrabawar sannan Inna ta gaya mini wata uku ya haƙura da tafsirin rediyo da ba ya wuce shi, don baturan su ishe ni. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya jiyar da shi abin da ya fi wannan daɗi.