Ɗaya Bakin Zaren

Kawuna mai rubuta alluna ne, irin waɗanda ake kafawa a saman ƙofar shago. 'Yan layinmu Rula suke ce masa, kuma wallahi ba su zalunce shi ba. In ya shigo ɗakinka ya ga kalanda a karkace, ba zai amsa gaisuwa ba sai ya gyara ta. Ina son sa, amma zama da shi sai mai haƙuri.

Ba ya rubuta harafi ko ɗaya sai ya buga layi. Zare yake turmusawa a garin alli, a ja shi daga wannan gefen allon zuwa wancan, ya ɗaga tsakiyar da yatsa biyu ya saki, sai layi ya fito ɗoɗar. Aikin na mutum biyu ne, kuma shekara talatin da huɗu matarsa, wadda nake kira Inna, ita ke riƙe ɗaya bakin zaren. Allah bai ba su haihuwa ba. Daga shi sai ita a shagon, sai gwangwanayen fenti a jere bisa tsawonsu.

Wankin buroshi ma nata ne. Kafin ta tsoma su a kananzir, sai ta goge sauran fentin a jikin guntayen katako da ya yar. Ba mutum take zanawa ba, ba bishiya ba. Launi ne kan launi, ja ya hau shuɗi, rawaya ta ɗiga inda ta ga dama. Kawu ya tsani abin nan.

"Wannan kuma mene ne?" yakan tambaye ta.

"Ni ma ban sani ba, Malam. Hannun ne ya je can."

"Hannu ba ya zuwa ko'ina sai an aike shi. Ɓarnar fenti kawai."

Sai ta yi dariya ta jingine katakon a bayan ƙofa.

Da Inna ta rasu, ƙusa ya koma kafawa a gefen allo yana ɗaura zaren. Na ce masa ai dabara ta yi. Ya ce ƙusa ba ta ce maka "ɗan sauko ƙasa kaɗan". Ya daina kunna rediyo, ya koma cin abinci a tsaye. Duk Asabar nakan je duba shi, in tarar da kujerarta a inda ta bar ta, ya share ƙarƙashinta bai motsa ta ba.

Wata rana yana shara ya fito da katakan nan na bayan ƙofa. Na ƙarshen, rabinsa kawai Inna ta shafa, ɗaya rabin fari fat, ciwo ya kwantar da ita kafin ta cike shi. Kawu ya ƙudurta sai ya ƙarasa mata. To, ku ji yadda Rula ya ɓullo wa lamarin: rula ya ɗauko! Ya auna kowace lanƙwasa da Inna ta yi, ya rubuta a takarda, ya riƙa gwadawa a wasu katakan. Har ɗigon fentin nan da ya zubo mata bisa kuskure sai da ya auna tsawonsa. Gwaji goma sha ɗaya ya yi, duk sun fito tsaf, kuma duk babu rai a cikinsu.

Na yi dariya, na ce, "Kawu, Inna fa ba ta auna ba."

"Na sani," in ji shi. "Ni ne ban iya ba."

Dariyar ta maƙale mini, har yau ina jin kunyarta. Tsoro yake ji. Katakon ɗaya ne, in ya ɓata shi babu mai yi masa wani, in kuma ya bar shi haka, kullum farin rabin nan yana kallonsa. Wata biyar katakon yana jingine a kan tebur.

Wata Asabar da hantsi na same shi ya kwantar da katakon a ƙasa, ya tsoma zaren a shuɗin fenti. Ya ce tunda ba abin da ya iya sai layi, zai ba ta layi ɗaya miƙaƙƙe ya huta. Ya ɗauki ƙusa da guduma, ya tsaya, ya ajiye. Ba zai huda mata katako ba.

"Kawo in riƙe maka, Kawu."

"A'a, 'yata. Wurinta ne."

Ya danne bakin zaren na wajensa da babban yatsa, ya ɗaga sauran zaren sama, ya daɗe a haka fenti na gangaro masa a hannu. Sannan ya saki. Daga wajen yatsansa layin ya taso a miƙe, yana nisa ya fara lanƙwasa, ya nannaɗe, ya fantsama, ya ratsa farin ya faɗa cikin jan da Inna ta shafa.

Na miƙa masa tsumma da sauri, don ban taɓa ganin karkataccen layi ya yi minti ɗaya a shagon nan ba. Bai karɓa ba. Ya jawo kujerar Inna ya zauna, yana kallon inda zaren ya ƙare.

"Bar shi," ya ce. "Haka layin yake in babu kowa a can."