Lowa am ta hana ni jana'izar Bappa

Jama'a, yau ƙarfe guda ya hana ni raka Bappana, ɗan'uwan mahaifina, makwancinsa!

Watan jiya na sa wa motata sabuwar lowa am, ƙarfen da ke riƙe tayar gaba. Bakanike ya ce, "Alhaji, a yi alaimen, a daidaita saitin tayoyin." Na ce sai na samu sarari.

Yau da safe aka kira ni, Bappa ya rasu a Kagarawal. Na taso daga Pantami a guje. Sitiyari sai fizga yake! Ina shiga unguwar Arawa, fam! Taya ta fashe.

Mai faci ya leƙa ya ce, "Ƙarfen nan ya fi na asali tsawo. Ya cinye tayar ta ciki har waya."

Na tari acaba. Ina isa ƙofar gida, sai ga makara an dawo da ita wayam.