Itatuwan Turaren Chékaraou

Chékaraou taubashina ne, ɗan kawuna, don haka duk abin da na faɗa a kansa babu mai kai ni ƙara. Ni Zoulaïhatou, tuwo nake sayarwa a unguwar Abdulkafi, nan cikin Sabha ta ƙasar Libiya. Duk Juma'ar da ya shigo gari daga gonar da yake aiki a Zighan, a rumfata yake sauka, ya ci, ya kushe miyata, sannan ya miƙo kwano a ƙara masa.

A danginmu na Illela shi ne farkon wanda ya taka jami'a. Ilimin muhalli ya ɗauka, ya yi shekara guda. Ana cikin hutu babansa ya kwanta ciwo, damina ta yi gardama, ga ƙanne rututu. Ya ce bari ya leƙa Libiya ya yi rani ɗaya ya koma aji. Yau furfura ta ci rabin gemunsa, bai koma ba.

Shekarar nan guda kuwa mu muka sha wahalarta. Ba ka isa ka yar da leda a gabansa ba. In na hura gawayi, sai wa'azi. Har na raɗa masa suna Mushen Icce, wato Malam Icce, don "mushe" muke ce wa malamin boko da Faransanci, yana kuma amsawa. Abin da ya fi riƙewa daga bakin malamansa shi ne, duk inda rairayi ke tafiya, itace ke tsayar da shi. Ba a allo kaɗai ya gani ba. A gida ya ga fako, wurin da ko ƙaya ba ta fitowa, aka haƙa ramuka aka dasa itatuwa, bayan 'yan damuna har awaki na kiwo a ciki. To wa zai ce masa ƙarya ne?

Mai gonar da yake wa aiki wani dattijo ne ɗan Zighan, Alhaji Zuhair. Albasa da tumatir ake nomawa da ruwan inji, amma ransa ba a kansu yake ba. A gefen gonar ta kudu akwai tsofaffin dabinai da kakansa ya dasa, waɗanda ba a ba su ruwa ko ɗigo, saiwoyinsu ke nemo shi a ƙasa da kansu. Da 'ya'yansu yake buɗa baki da azumi, kuma kowace yana kiranta da sunanta. Idan iskar kudu mai zafi ta taso, wadda suke ce wa gibli, sai ta tara rairayi a gindinsu. Mutanen wurin busasshen ganyen dabino suke kafawa su yi shinge, in ya nutse su sake wani.

Wannan shingen ya tsaya wa Chékaraou a rai. A ganinsa wahalar banza ce, kowace shekara a kafa matacce alhali ana iya dasa mai rai. Ya samu tsohon ya ce ya ba shi dama ya jera itatuwan turare a bayan dabinan, suna da saurin girma.

Alhaji yana jin Hausar kasuwa kaɗan. Ya dube shi ya ce, "Icce nan, shi sha mi?"

"Hajj, shekara biyu ɗai za mu ba su ruwa. Daga nan su ci da kansu. Na karanta abin ga a fakilte, can jami'a."

Tsohon bai taɓa zama a aji ba, yana kuma girmama wanda ya zauna. Ya ce bismillah.

Itatuwan suka kama, suka yi ta miƙewa. Sai da Chékaraou ya ɗauki hayar mota ya kai ni na gani. Wallahi sun burge ni: dogaye, kore shar, iska na kaɗa su, rairayi ya tsaya a bayansu bai ƙetaro ba. Na ce, "Mushe, yau kam bakina ya mutu." Ranar har rawa ya taka mini. Ban taɓa ganinsa da farin ciki irin na lokacin ba, kuma shi ya sa abin da ya biyo baya yake ci mini rai.

Dabinan da ke kusa da turaren su suka fara lalacewa. 'Ya'yan suka ƙanƙance, ganye ya soma rawaya tun daga ƙasa. Chékaraou ya zuba taki. Ya hau ya duba ko ƙwari ne, bai ga komai ba. Wata shekara biyu daga cikinsu suka ƙi haihuwa, wadda ta biyo baya kansu ya bushe ƙurmus. Sai ya ɗauki shebur ya haƙa a tsakanin layin turaren da dabinan. Ya tarar da saiwoyin turare sun shiga ko'ina sun sarƙe na dabinon, ƙasar kuma da a da ake samun danshi tun mutum bai nutse ba, ya haƙa har ya shige kansa tana nan a bushe.

A kwanakin ya zo rumfata bai kushe miya ba, na san da magana. Ana haka 'yata Raïhanatou ta kira daga gida. Ita ma ilimin muhallin take karanta, shi ya cusa mata ra'ayin, tana shekara ta biyu. Na miƙa masa wayar, ya kwashe komai ya faɗa mata.

Ta ce, "Kawu, can ba kamar nan ba ne. Mu damina na mayar muna da abin da icce ya sha. Ruwan ƙarƙashin ƙasar Fezzan, yankin da kuke, tsohon ruwa ne, tun zamanin da ake ruwan sama a wurin. Wanda aka sha ya tafi ke nan. Turare ko shan ruwa gare shi, ba a kai shi kusa da dabino."

Ya ce, "Yaushe aka koya muku wanga?"

"Watan da ya wuce. Da shi aka buɗe muna shekara ta biyu."

Ya ajiye wayar a kan benci a hankali. Da a wani lokaci ne da na ce masa ƙaramin sani ƙuƙumi ne, mu yi dariya. Ranar tausayinsa ne ya kama ni har na ji ƙwalla. Na ce ai maƙwabtan Alhaji sun haƙa rijiyoyi masu zurfi, injinansu ba sa hutawa, ruwa na ja da baya a ko'ina, ba lallai laifin itatuwansa ba ne. Raïhanatou ma, da na ɗauki wayar, haka ta ce. Ya ce ya sani, amma dabinan da ke can nesa da turaren har yanzu suna haihuwa.

Da kansa ya je ya gaya wa Alhaji Zuhair, ya kuma sa gatari ya sare turaren duka. Tsohon bai kore shi ba, bai ko ɗaga masa murya ba. Abu ɗaya ya roƙa, a bar matattun dabinan a tsaye, kada a kayar da su yana raye. Chékaraou ya ce da zagi ya sha da ya fi masa sauƙi. Ya yi ta jan ruwan inji yana kai wa waɗanda suka rage a layin, amma tsohuwar dabino da ta saba sha daga ƙasa ba ta cika farfaɗowa ba, suka ci gaba da bin juna.

Bara Alhaji ya rasu. Bayan an share makoki 'ya'yansa suka ce a kayar da matattun a yi azara da su, kuma ba su da wani ma'aikaci sai Chékaraou. Shi ya kayar. Da ya zo Juma'ar nan na ga tafin hannunsa duk ya yi kanta, na tambaye shi ko aikin ya ƙare.

Ya ce, "Na dabino ya ƙare. Kututturan turaren ne suka sake tohowa, kore shar. Gobe in na koma sai in bi su in karye."