Ramata da Layi Ɗaya

Shekarun baya, ina ɗinki a Kasuwar Gombe, saura wata huɗu aurena, mai yankan farce ya ɗan yanke ni a yatsa. Jinin bai kai ya kawo ba. To amma ni tun fil azal siriri ne, sai abokina ya samu abin tsokana: "Ango, anya ramar nan taka? Ƙanjamau fa daga ƙanjamewa ya samo suna."

Ya yi dariyarsa ya wuce, ni kuwa maganar ta zauna min daram. Iyayen yarinyar sun ce sai da takardar gwaji za a ɗaura aure, ni kuma kullum sai gobe. Ina taka keken ɗinki, hankalina yana unguwar Pantami, a ɗakin da na yi wa shuɗin fenti saboda ita. In gan ta tana rataya labule, can kuma in ga ɗakin wayam.

Ran nan ma'aikatan lafiya suka kafa rumfa a bakin kasuwa, gwaji kyauta. Sau uku ina giftawa kamar mai neman zare. A na huɗu wani ma'aikaci, ƙato mai tumbi, ɗan Kaltungo, ya ce, "Tela, zo ka zauna, ƙafarka ta gaji."

Ya soki yatsana, ya ɗiga jinin a ɗan tsinken gwaji, ya ce minti goma sha biyar. Wallahi a mintocin nan na yi aure, na haifi 'ya'ya uku, na aurar da ta fari, na kuma mutu sau biyu. Hayaniyar kasuwa ta yi nisa kamar rediyon maƙwabta.

"Oga, faɗa min gaskiya, ramar nan ce ko?"

Ya kama hannuna. "Layi ɗaya ne ya fito a tsinken, ba ka da ƙanjamau. Ka zo asibitinmu bayan wata uku a sake." Sai ya rage murya. "Dube ni da kyau. Ni ne mai shi. Na daɗe ina shan magani, yarana lafiya lau."

Ban san sanda na zare hannuna daga nasa ba. Ya gani, ya yi murmushi kawai.

An yi aure, labulen yana nan, ni kuma ko kilo ɗaya ban ƙara ba. Amma har yau in na tuna zare hannun nan kunya nake ji. Da na koma asibitinsu bayan wata uku, da hannu biyu na gaishe shi, ban kuma saki ba sai da ya ce, "Tela, akwai mutane a layi."