Ruwan Wankan Nnako

Shekarar da soja suka koma bariki ina 'yar firamare, muna zaune a Kpakungu tare da kakata. Mutuniyar Bida ce, muna kiranta Nnako. Ita ke wanke gawar mata a unguwarmu, shi ya sa yaran maƙwabta ba sa cin ƙulinta. Mu kuwa har rububi muke yi. Da an idar da magariba sai mu kewaye murhu, tana juya ƙuli a mai, hannunta na ƙamshin kafur ɗin da take sayowa a kasuwa.

"Ku matso, wuta ba ya cizo," in ji ta, da Hausarta ta Nufawa. Tatsuniya ta fara ke nan.

Ɗaya ce ta hana ni zuwa bakin rijiya da yamma. Wai wata yarinya, Ladi, ta roƙi tsohuwa mai wankan gawa ta koya mata. Tsohuwa ta ce ta bari sai ta girma. Ladi mai ƙiriniya ta riƙa leƙe ta ɓular zana har ta haddace komai: ganyen magarya, farawa da dama, kafur a ƙarshe. Ran da tsohuwar ta rasu ba wadda ta iya, sai Ladi ta wanke ta, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Aka kai, aka dawo. Da magariba ta je ɗiban ruwa, sai ta ji murya daga cikin rijiya: "Ladi, ruwan da sanyi." Haka kullum, shekara da shekaru. Sai da ta yi aure ta haihu, ta zo wankan jaririnta, ta ga ta tsoma gwiwar hannu a ruwan ba wanda ya ce ta yi. Nan ta fashe da kuka. Daga ranar murya ta yi shiru.

Ni da bakina ba ya gajiya na ce, "Nnako, gawa tana jin sanyi ne?"

"Ke kin taɓa mutuwa?" ta ce. "In na tafi ke za ki wanke ni, sai ki tambaye ni." Kowa ya yi dariya, ban da ni.

Bayan na yi aure na shiga Islamiyyar matan aure, aka kai mu babin jana'iza, malama na nuna mana da 'yartsana. Mu matasa muna ta rige-rigen amsa. Tsofaffin ajin, waɗanda muke wa dariya don ba sa riƙe hadda, suna gefe suna kallonmu. Da aka miƙa wa wata dattijuwa 'yartsanar, sai ta tallafe kanta, ta ja zane ta rufe mata ƙirji kafin ta taɓa ruwa. Mu karatu muke yi, ita kuwa wata take tunawa.

Nnako ta rasu ina goyon fari. Ashe ba wasa take ba, ta bar wa mahaifiyata wasiyya cewa ni ce zan wanke ta. Na shiga ɗakin, duk abin da malama ta koya mana ya gudu, tsoron rijiya kawai ya rage. Aka kawo ruwa a baho. Kafin in yi tunani, gwiwar hannuna tana ciki. Na ce a ƙara na zafi kaɗan. Sauran ya zo da kansa, kamar wankan ɗana na safe.

Yanzu na gane abin da ta ƙi faɗa mana kai tsaye. Akwai karatun da ba ya zama a kan mutum sai rayuwa ta share masa wuri, ko da malami ya fi kowa iyawa.

Har yau in na je gida nakan tsaya bakin rijiyar da magariba, in kasa kunne. Ban taɓa jin komai ba, na san ruwan ya yi daidai. Amma Allah ya yafe mini, wani lokacin sai in ji da ma na bar shi da ɗan sanyi, ko ta ƙara kiran sunana.