Katangar Goggo Turai

Halliru da fentin motoci yake ci a Karaye. Direbobin Rogo da na Kafin Dafga shi suke kawo wa motocinsu na katako, ya zana musu ɗawisu ko dabino. Amma abin da ransa ke so daban ne. Da aiki ya lafa sai ya ɗaure falanki a bayan keke, da gwangwanayen fenti da kwalbar kananzir, ya nausa gonaki. Ba ya kwafa daga hoto. Gaban abu yake zama, ya jira rana ta sauka a kansa yadda yake so, wani lokaci ya dawo bai ɗiga ko ɗigo ba.

A shekarar da aka ce ƙauyensu zai tashi saboda madatsar ruwa, Goggo Turai, ƙanwar mahaifinsa da ta riƙe shi tun yaye, ta aika aka kira shi.

"Ka zana wa Maikuɗi direba zaki har biyu, ni ba za ka zana mini gidana ba? Da tsamiyar, da rumbun. In tafi da abina sabon gari."

"Zan yi, Goggo. Amma ba yanzu ba."

"Fentin ne ya ƙare?"

"Ranar bazara ce, ta wanke komai. Bari ruwa ya sauka. Bayan la'asar, in ƙasa ta jiƙa, a nan jan katangarki yake fitowa."

"Kai ka sani, da kai da ranarka. Shekara hamsin ina kallon katangar nan, ban ga ta sake ba."

Ya zana tsamiyar da sararin sama, ya bar gurbin gidan, ya koma Karaye yana jiran damina. Abin da bai kawo a ransa ba shi ne, mai tashi ba ya barin azara. Kafin ruwan fari, mutanen ƙauyen sun kwashe rufi da ƙyamare zuwa sabon gari. Ginin ƙasa kuwa ba ya jure damina babu rufi.

Ranar da ya dawo, cikin Agusta, hasken ya zo daidai yadda ya faɗa. Sai dai katangar ta zube, rumbun ya zama tudu, ciyawa ta fito a tsakar ɗakin Goggo. Ya zauna har aka kira magariba a wani ƙauye can nesa.

A gida ya cike gurbin da ka, ya goge, ya sake, har sau uku. Ya kasa tuna ko ƙofar zauren tana dama da rumbun ko hagu. Da ya kai mata, ta kusantar da falankin da idonta, ta daɗe tana dubawa.

"Tsamiyar tawa ce," ta ce. "Gidan kuwa ban san ko na wane ne ba. Allah ya yi maka albarka."

Ba ta rataye shi ba. Ta kwana biyu a duniya bayan haka, shi kuwa bai ƙara tayar da zancen ba, ita ma haka.