Buhun Kayan Aikin Da Surukina Ya Sayo Mini A Tasawa

A lokacin da abin nan ya same ni, ni sabon mai rumfa ne a Urafane, ina walda da gyaran amalanke, kuma sabon ango ne da bai gama sanin hanyar gidan surukai ba. Na yi shekaru ina koyon aiki a Maraɗi, a hannun wani ubangida mai faɗa wanda in ka ajiye guduma inda ba wurinta ba sai ka ji labarin kakanninka. Na dawo gida da ɗan injin walda, da injin yankan ƙarfe, da wani tsohon gurup, wato janareta, mai ba ni wuta in ya ga dama, na kafa rumfa a bakin hanyar kasuwa. Ina ji da kaina sosai a wancan lokaci, ina ganin babu abin da za a gaya mini game da ƙarfe. Yau da nake rubuto muku wannan, da ido ɗaya nake kallon takardar, na hagu. Na daɗe ina son in faɗi yadda na rasa na daman, musamman da nake ganin masu ƙananan sana'a irina suna tururuwa shagunan rangwame suna kwasar kaya ba tare da sun tantance ba.

Surukina manomi ne, mai gero da wake da ɗan kiwon raguna, dattijo marar yawan magana. Matata 'yar farinsa ce, ko sunanta ba ya kira. Ni kuwa tun kafin aure ban taɓa haɗa ido da shi ba. Daga nesa nake cire takalmi, in durƙusa in gaishe shi ina kallon ƙasa, in na hango shi a hanya in ratse ta bayan wani danga kamar wanda ya yi sata. Ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. Haka muka taso muka tarar, kuma ban ga aibinsa ba har yau. Amma na san yana sona. Duk ranar kasuwa yakan zo ya shimfiɗa buzunsa a ƙarƙashin dogonyaron da ke tsallaken hanya, daidai hannun damana in ina aiki, shi da abokansa. Ina jin lokacin da yake nuna musu ni da haɓa, sai in ƙara sunkuyawa a kan ƙarfen kamar ban san ana yi ba.

Gab da kaka ya kai raguna Tasawa ya sayar. A can ne wani ya kai shi wani shagon rangwame kusa da tasha, inda ake zube kayan aiki a ƙasa kashi-kashi, komai sabo fil yana walƙiya, kuɗinsa kuma kamar an tsinto. Dattijon bai san faifan yanka ba bai san magagari ba, abin da ya sani shi ne mijin ɗiyarsa yana aikin ƙarfe. Ya cika buhu, ya aiko mini da shi a bayan moto, wato babur. Da na zazzage shi a rumfa sai na ji daɗi da nauyi sun haɗu mini. Akwai guduma, da awartaki, da magagari, da mita ta awo, da burushin ƙarfe, da sifanu, waɗanda mu nan muke ce wa kile. Waɗannan duk ba laifi, gudumar ma tana nan har gobe ina aiki da ita. Sai kuma tulin faifan yanka da tabarau na kare ido. Ina ɗaukar faifan na san ba na kirki ba ne. Ba tambari a jikinsu, bakinsu yana marmashewa in ka goga da farce, suna warin danshi, da na ƙwanƙwasa ɗaya sai ya yi wata dusasshiyar ƙara. Ubangidana na Maraɗi da hannunsa yake karya irinsu ya jefa a shara. Tabarau ɗin kuwa roba ce marar kauri, irin ta wasan yara. Na tura su can ƙarƙashin teburin aiki, na aika matata ta yi godiya.

Da a nan abin ya tsaya da babu labari. To amma dattijo ya ƙagu ya ji ko kayansa sun yi amfani. Shi ba zai tambaye ni ba, sai ya tambayi matarsa, ita ta tambayi matata, matata ta tambaye ni, ni kuma in ce a gaya masa kaya sun yi kyau, Allah ya saka da alheri. Ranar wata kasuwa wani Bafillace ya kawo mini amalankensa, ƙarfen gindinsa ya lanƙwashe, yana son a yanke a sake kafin a fara kwasar gero. Surukina yana can a inuwa da mutanensa, ashe ya gama ba su labarin buhun. Sai ɗaya daga cikinsu, wani tsoho mai barkwanci, ya ɗaga murya ya ce yau dai a nuna musu aikin kayan Tasawa, su ga ko ragunan abokinsu sun tafi a banza. Aka yi dariya. Na saci kallon surukina, na ga yana murmushi yana gyara zama. Faifaina mai kyau yana kan injin, tabarau ɗina na gaskiya yana rataye a wuyana. Na tsaya ina tunanin yadda zan ce wa dattijo a gaban abokansa kyautarsa ba ta da kyau, na rasa ta inda zan fara. Na ce a raina yanka ɗaya ne, zan bi shi a hankali. Na sunkuya na kwance nawa, na ɗaura nasa, na sauya tabarau.

Ban ji zafi ba da farko. Ƙara na ji, sai wani abu ya buge ni a fuska, na samu kaina zaune a ƙasa. Faifan ya tarwatse tun bai ci rabin ƙarfen ba, wani gutsurensa ya fasa robar tabarau ɗin ya shige idona na dama. Bafillacen nan ne ya kashe gurup, ya cire rawaninsa ya ɗaure mini fuska. Aka kai ni asibitin Tasawa, daga can aka wuce da ni Maraɗi. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, suka ce in gode wa Allah da na hagun ya tsira. Da 'yan dubiya suka fara tambayar yadda aka yi, sai na ji bakina yana cewa a cikin sauri na ɗauko wani tsohon faifaina da ya tsage, na zaci sabon ne. Daga tsallaken hanya babu wanda ya ga abin da na ɗaura, don haka kowa ya yarda. Har labari ya dawo mini cewa surukina yana ta jimami, yana cewa da yaron nan ya sa sababbin da ya sayo masa da hakan ba ta faru ba. Ranar da na ji wannan na juya fuskata bango, haushi ya cika ni, kuma ban san wanda nake jin haushin ba, shi ko ni.

Na dawo gida na tarar ya sa 'ya'yansa maza sun yanke mini gerona, sun ɗaure, sun zuba a rumbu. Kullum sai an aiko da fura da nono daga gidansa. Duk wannan alherin sai ya ƙara ɗaure mini baki. Na koma rumfa a hankali, ina koyon aiki sabo kamar ɗan koyo. Wanda bai rasa ido ba bai san cewa nisan abu ma da ido biyu ake gane shi ba. Sai in kai sandar walda in ga ta sauka gefe, in zuba shayi ya zube a bayan kofi. Matata takan yi kamar ba ta gani ba, ta goge. Ragowar faifan na bar su a ƙarƙashin teburi, na kasa jefar da su don kada wani ya gani ya kai labari, na kasa kuma kallonsu.

Bayan an sha ruwan wata damina, ƙanin matata, wanda shi ma ya koyi walda har ya yi aure, ya shirya buɗe tasa rumfar a Korgom. Wata rana muna cin tuwo matata take gaya mini cikin murna cewa babansu ya sake zuwa Tasawa, ya koma shagon nan, ya cika wa ƙaninta buhu irin nawa, har ya fi nawa yawan faifai, kuma ranar kasuwar Korgom mai zuwa zai kai masa da kansa ya ga an fara aiki. Na ajiye lomar da ke hannuna. Na wanke hannu na gaya mata gaskiya duka. Ta yi kuka marar sauti, ta daɗe tana kallon idon. Na roƙe ta ta je ta faɗa wa babanta. Ta ce in tuna ita 'yar fari ce, ba ta taɓa zama ta yi doguwar magana da shi ba, in kuwa ta bi ta wajen mahaifiyarta, kafin maganar ta isa an rarrashe ta har ba abin da zai rage a ciki. Na yi tunanin in kira ƙanin nata in gargaɗe shi a ɓoye. Sai na tuna shi ma zai ɗaga kai ya ga mahaifinsa zaune a inuwa da abokai yana murmushi, kuma na san abin da mutum yake yi a irin wannan lokaci.

Washegari da hantsi na ɗauki ragowar faifaina na nufi gidansa. Ban taɓa jin hanya ta yi mini tsawo haka ba, alhali ba nisa. Na same shi a zaure yana gyaran igiya, sabon buhun yana jingine a bango. Na cire takalmi, na durƙusa, muka gaisa, gaisuwa ta ƙare ban tashi ba. Ya gane akwai magana, ya ajiye igiyar. Ina kallon ƙasa na gaya masa cewa na yi masa ƙarya, faifan da ya fasa mini ido daga buhunsa ya fito, na san ba shi da kyau tun ranar da na gan shi, kunya ce ta hana ni faɗa, kuma irinsu ne a cikin buhun da ke bayansa.  Sai ya ce in ɗago in dube shi. Ban taɓa yi ba, amma na ɗago. Ya daɗe yana kallon inda idon yake. Ya ce da na kunyata shi a gaban kasuwa duka ranar nan, da ya fi masa sauƙi a kan abin da yake gani yanzu, shi ba kunyar da za ta ci idon ɗansa ya nema a wurina ba. Ranar ce ya fara kirana ɗansa.

Ya jawo buhun ya zazzage a kan tabarma, ya ce in ware masa. Muka zauna muna warewa, ina miƙa yana ajiyewa, yana tambayar dalilin kowanne. Da muka gama ya haɗa faifan nan duka, nawa da sababbin, da tabarau, ya ɗauki fartanya. Na ce a mayar wa mai shago ko za a sami wani abu. Ya ce in an mayar, ɗan wani za a sayar wa. Ya haƙa rami a bayan gida ya binne su da hannunsa.

Abin da na ware masa ranar nan shi nake so in bar wa 'yan uwana masu sana'a. Ba duk kayan rangwame ne na banza ba, kuma talaka ba zai ce sai mai tsada ba. Guduma, awartaki, magagari, mita, burushi, har da kile na ƙananan aiki, ku saya, in sun lalace lalacewa kawai za su yi, ku sake wasu. Amma duk abin da yake juyawa da gudu kusa da fuskarka, da abin da zai ɗaga nauyi kana ƙarƙashinsa kamar jek, da abin da zai tsaya tsakanin idonka da wuta ko ƙarfe, kada ka nemi araha a kansu, ko da za ka jira wata kakar kafin ka saya. In kuma kyauta aka kawo maka, ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya, sannan ka samu lokaci ka faɗi gaskiya cikin ladabi. Mai kyautar alheri ya nufe ka da shi, kai ne ka san aikin.

Har yanzu ina cire takalmi in zan gaishe shi, har yanzu ba na cin abinci a gabansa. Yana zuwa kowace kasuwa kamar da. Sai dai ya bar inuwar dogonyaro, abokansa suna ta yi masa tsiya wai ya tsufa ya fara son rana. Ya koma shimfiɗa buzunsa a gindin wani danga marar inuwar kirki, ta hannun haguna, inda in na ɗaga kai zan gan shi.